Dillalin Intanet ko Mai Shagon Gari: Wa Za Ka Damƙa wa Saƙon Furanninka?

Ranar Lahadi, 10 ga watan Mayu na shekarar 1908, an yi wani taro a majami'ar Andrews da ke Grafton, wani ƙaramin gari a cikin tsaunukan jihar West Virginia ta ƙasar Amurka. Matar da ta assasa taron, Anna Jarvis, ba ta halarta ba, domin tana can birnin Filadelfiya. Sai ta aiko da saƙon tangarahu da fararen furanni guda 500, irin waɗanda mahaifiyarta take so, aka rarraba wa mahalarta. Mahaifiyar ta shafe shekaru tana koyar da yara a wannan majami'a kafin ta rasu a 1905. Daga wannan taro Ranar Uwa ta samo asali a Amurka, kuma a 1914 Shugaba Woodrow Wilson ya tabbatar da ita a Lahadi ta biyu ta kowane watan Mayu.

Yau an haura shekara ɗari, Grafton yana nan ƙaramin gari mai mutum wajen dubu biyar, kuma matsalar da Anna ta warware a wancan lokaci tana nan daram ga duk wanda ya yi nisa da nasa. Kana can wata uwa duniya, wanda kake son faranta wa rai yana ƙaramin gari, kyautar da al'adar wurin ta sani kuma abu ce da ke yaushi cikin 'yan kwanaki. Mu a ƙasar Hausa goro da turare da atamfa muka gada, da su muke barka, da su muke ban gajiya. Amma 'ya'yanmu suna karatu a irin waɗannan ƙasashe, likitocinmu da ma'aikatan jinya suna aiki a asibitocin ƙananan garuruwansu. Tsohuwar da ta riƙe ɗanka shekara guda a gidanta za ta kwanta asibiti, abokin aiki zai rasa mahaifi, kuma a can damin furanni ne ke tsayawa a madadin ƙafar da ba ta samu zuwa ba. Wanda ya tashi aikawa zai tarar da hanyoyi biyu a gabansa. Ko dai ya shiga shafin ɗaya daga cikin manyan kamfanonin intanet ya zaɓi hoto ya biya, ko kuma ya nemo lambar mai shagon furanni na garin ya yi magana da shi baki da baki. Waɗannan biyun nake so mu ɗora a sikeli.

Asalin dillalin

Adalci ne a fara da cewa dillancin furanni dabara ce mai kyau da aka ƙirƙira don wata buƙata ta gaskiya. A 1908 wani mai sayar da furanni a Berlin, Max Hübner, ya haɗa kan 'yan'uwansa masu sana'ar a wata ƙungiya da daga baya aka sani da Fleurop. A 1910 wasu masu shaguna a Amurka suka taru a birnin Rochester suka kafa tasu, wadda ake kira FTD. Birtaniya ta bi sahu a 1923 da ƙungiyar da ta zama Interflora, sannan Teleflora ya ɓullo a Amurka a 1934. Tunaninsu ɗaya ne: fure ba ya jure doguwar tafiya, amma magana tana jurewa. Saboda haka ka shiga shagon garinku ka biya, mai shagon ya buga tangarahu ga takwaransa na garin da kake nufi, shi kuma ya haɗa damin da furannin da ke hannunsa ya kai. Daga baya ƙungiya ta yi lissafin wanda ke bin wani. Duk ɗan kasuwar da ya taɓa ba da kuɗi a Kano ya karɓa a wani gari bisa amana ya san irin wannan tsari.

A wancan zamani babu wata hanyar da ta fi wannan. Mutumin da ke Filadelfiya bai san sunan mai shago a Grafton ba, ko ya sani ba shi da hanyar biyansa. Abin da ya sauya shi ne su wane ne ke riƙe da tsarin. Da farko masu shagunan ne da kansu suka mallaki FTD, sai a 1994 aka sayar da ita ga masu zuba jari, ta koma kamfanin neman riba. Kafin nan wani ɗan kasuwa, Jim McCann, wanda ya fara da shago guda a birnin New York a 1976, ya gina kamfanin 1-800-Flowers a kan lambar waya ɗaya da kowa zai iya kira kyauta daga ko'ina a ƙasar, kuma yana cikin na farko da suka koma sayarwa ta intanet a farkon shekarun 1990. Bayansu aka samu tarin kamfanoni da ba su da ko fure ɗaya a ajiye. Aikinsu su tare mai saye a bakin ƙofar intanet, su karɓi oda, su cire nasu, su tura saura ga wanda zai yi aikin.

Ina kuɗin ke zuwa?

A nan ne sikelin ya fara rinjaya. Rabon da aka daɗe ana bi a wannan sana'a a Amurka sananne ne. Idan ka biya dala 100 a matsayin kuɗin dami, wanda ya karɓi odar yana riƙe kusan 20, kamfanin da ya sada su yana ɗaukar kusan 7, mai shagon da zai haɗa ya kai kuma ya tashi da 73. Ban da wannan, yawancin shafukan suna ɗora wa mai saye wani kuɗin hidima a daidai lokacin da zai biya, kuma wannan ba ya isa hannun mai shago ko kaɗan. Daga cikin 73 ɗin ne zai fitar da kuɗin furanni da na tulun gilashi, da ladan mai haɗawa, da man motar da za ta kai, sannan yana biyan kuɗin zama ɗan ƙungiya duk wata. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

La'ada ba laifi ba ce. Dillalin shanu a kasuwar Wudil ko Maigatari yana cin guminsa ne, domin ya san dabba, ya san mai ita, kuma idan rigima ta taso shi ake nema. Abin dubawa shi ne ko aikin da dillali ya yi ya kai abin da ya ɗauka. A zamanin tangarahu ya kai, har ya wuce. A yau da za ka iya samun lambar shagon cikin minti biyu, ka kira, ka biya da kati, fiye da rubu'in kuɗinka yana tafiya ne a kan sada ka da mutumin da kai da kanka za ka iya samu. Mai shago kuma ba zai yi asara don ya faranta maka ba. Idan abin da ya iso masa bai kai ba, ko dai ya rage yawan furannin, ko ya sa masu araha, ko ya ƙi karɓar odar baki ɗaya. Rijiya ta bayar, guga ya hana. Wanda ya kira shagon kai tsaye da dala ɗarin nan, abin da zai fita daga ciki kuɗin kaiwa ne kawai, sauran duk ya shiga cikin damin.

Hoto da abin da ya iso

Babban abin da ke jan mutane zuwa shafin dillali shi ne hoto. Ga dammuna ɗaruruwa an jera, kowanne da sunansa da farashinsa, ka zaɓa kamar kana kanti. Wannan sauƙi ne na gaske, musamman ga wanda bai san sunayen furanni ba, ko Turancinsa bai kai na doguwar magana a waya ba. Sai dai hoton an ɗauke shi ne a ɗakin ɗaukar hoto, an juyo kowane fure ya fuskanci kyamara, kuma ba daga firjin shagon Grafton aka ciro furannin ba. A ƙasan shafin, da ƙananan haruffa, akwai sharaɗin cewa mai haɗawa na da damar musanya wani fure da wani idan babu wanda ke hoton. A babban birni, inda manyan 'yan sari ke kusa, da wuya a buƙaci musanya. A ƙaramin gari, inda motar 'yan sari ba kullum take zuwa ba, musanya ita ce abin da aka fi yi. Ka biya kuɗin abin da ka gani, a kai abin da aka samu. Cinikin biri a sama ke nan.

Idan ka kira mai shago, maganar takan fara ne daga abin da ke akwai. Zai ce maka wardi ja ya ƙare amma jiya aka sauke masa ruwan ɗorawa masu kyau, ko kuma ya ce ka bari sai jibi da kaya za su iso. Ba ka ga hoto ba, amma ka san gaskiyar abin da za a kai, kuma da yawansu idan ka roƙa za su ɗauki hoton damin su turo maka kafin ya fita. Raunin wannan hanya shi ne zaɓi kaɗan ne. Ƙaramin shago ba ya ajiye furanni iri hamsin, domin abin da bai sayu ba a mako guda ya zama shara. Wanda ya nace sai wani fure na musamman dole ya ba da kwanaki a yi masa odarsa.

Akwai wata gaskiya da ya kamata a faɗa don kada a yi wa hanya ta biyu ado da abin da ba nata ba. Kiran mai shagon gari ba ya nufin furannin a garin aka noma su. Mafi yawan furannin da ake sayarwa a Amurka daga waje ake shigo da su, Kolombiya ce kan gaba, Ekwado na bi mata. Tun bayan dokar ciniki ta 1991 da ta cire wa furannin ƙasashen yankin tsaunukan Andes harajin shigowa, gonakin da ke kewayen birnin Bogota na Kolombiya, a tudu mai tsayin mita wajen 2,600, suka mamaye kasuwar. Ana yanke wardi a can, a sa a kwali cikin sanyi, jirgi ya sauke shi a Miami, jami'ai su duba ko da ƙwari, motoci masu firji su rarraba wa 'yan sari. Haka Turai take dogaro da gonakin bakin tafkin Naivasha a Kenya, da na Habasha, da babbar kasuwar gwanjo ta Aalsmeer a Holan. To, ko ta wace hanya ka bi, mai yiwuwa daga gona ɗaya furen ya fito. Bambancin yana wajen hannun ƙarshe da ya taɓa shi. Mai shago nagari yana datse gindin kowane fure, ya cire ganyen ƙasa, ya tsoma shi a ruwa mai magani, ya bar shi ya sha a firji kafin ya haɗa. Wannan aiki ne ke sa dami ya yi mako guda a ɗaki maimakon kwana uku. A lokacin zafi kuma wasu shagunan kan sayi furanni daga ƙananan manoman yankinsu, abin da ba za ka taɓa gani a jerin hotunan dillali ba.

Sanin gari

Duk abin da aka faɗa a kan kuɗi da hoto bai kai wannan nauyi ba. A ƙaramin gari, abin da kake saye a wurin mai furanni rabinsa fure ne, rabinsa sanin wuri da mutane. Jihar West Virginia misali ce mai kyau. Sai a farkon shekarun 2000 ta shiga babban aikin sanya wa ɗimbin hanyoyinta na karkara suna da lamba, domin kafin nan mutane da yawa da kwatance ake samun gidajensu, kamar yadda mu ma muke cewa bayan masallacin Juma'a, ka sha kwana ta wajen mai shayi. Har yanzu akwai masu karɓar wasiƙa a akwatin gidan waya maimakon ƙofar gida, akwai kwaruruka da waya ba ta kamawa, akwai hanyoyin da taswirar waya ke ɓatar da baƙo. Ma'aikacin da ke zaune a wani ofishi mai nisan dubban kilomita ba abin da ya sani sai abin da ka rubuta a fom. Direban shagon gari kuwa wataƙila tare suka yi makaranta da jikan tsohuwar da za a kai wa damin. Ya san ba ta jin ƙwanƙwasa ƙofar gaba sai an zagaya ta baya, ya san ran Talata tana wajen likita, ya san maƙwabciyar da za a bar wa saƙo. Da ɗan gari akan ci gari.

Wannan sani ya fi bayyana a wurare biyu, asibiti da gidan makoki. Asibitoci da yawa ba sa barin a shiga da furanni sashen masu tsananin ciwo, kuma marar lafiyar da aka kwantar jiya ana iya sallamarsa yau. Mai shagon gari yakan buga waya ya tambaya kafin ya tura mota. Ya san wasu furannin ƙamshinsu ya yi wa ɗakin marar lafiya ƙarfi, ya san akwai waɗanda guba ne ga kyanwa, don haka zai tambaye ka ko akwai kyanwa a gidan. A wajen mutuwa kuwa, al'adarsu ita ce a kai furanni gidan da ake shirya mamaci kafin lokacin da aka sa wa masu ta'aziyya. Damin da ya iso bayan an watse bai yi amfanin komai ba. Mai shagon gari da masu gidan jana'iza kusan kullum suna tare a aiki, ya san lokacin, ya san ko iyalan sun roƙi a ba da sadaka ga wata ƙungiya maimakon furanni, ya san kuma iyalan Musulmi da na Yahudawa galibi ba sa karɓar ta'aziyya da furanni. Shafin intanet zai karɓi kuɗinka a duk waɗannan yanayi ba tare da ya yi maka tambaya ɗaya ba.

Inda dillali ya yi fintinkau

Ba zai zama kwatanci ba idan aka ɓoye alherin ɗayan ɓangaren. Na farko, shafin dillali ba ya barci. Tsakanin Kano da gabashin Amurka akwai tazarar awa biyar ko shida gwargwadon lokacin shekara, don haka shagon da ke buɗewa ƙarfe tara na safe a can, a nan sai bayan azahar za ka same shi, kuma ƙananan shaguna da yawa ba sa buɗewa ran Lahadi. Na biyu, biyan kuɗi daga ƙasar waje ya fi sauƙi a babban shafi, ga rasit a rubuce, ga lambar oda da za ka riƙe. Na uku, idan ƙasar da za ka aika ba ka jin harshenta, ƙungiya irin Interflora ko Fleurop tana yin daidai aikin da aka kafa ta dominsa, kuma la'adarta a nan halal ce da gumi. Na huɗu, akwai sababbin shaguna da ba a san su ba tukuna, waɗanda odar da ƙungiya ke turo musu ce ke riƙe su har su kafu.

Sannan akwai garuruwan da babu shagon furanni ko ɗaya. Don irin su ne wata hanyar dillanci ta daban ta yi amfani, wato aika furanni a kwali ta kamfanonin kai saƙo. Kamfanin ProFlowers, wanda Jared Polis ya kafa a 1998 kafin ya shiga siyasa har ya zama gwamnan Colorado, shi ya yi suna da wannan salo. Kwalin yana isa duk inda motar kai saƙo ke zuwa, kuma sau da yawa ya fi araha. Amma furannin suna zuwa ne a ɗaure, ba ruwa, sai wanda aka aika wa ya buɗe, ya datse, ya nemi abin zubawa, ya jera da kansa. Ga matashiya mai ƙarfi wannan ba komai ba ne. Ga tsohuwa mai ciwon gaɓoɓi ko wanda ke gadon asibiti, ka aika masa aiki ne. Direban kuma zai ajiye kwalin a bakin ƙofa ya wuce, ko ana ƙanƙarar watan Fabrairu ko ana ƙunar watan Yuli. Araha ba ta ado.

Idan abu ya ɓaci

Kowace hanya tana iya kuskure, don haka a duba wadda ta fi saurin gyara. Manyan kamfanoni suna da alkawarin mayar da kuɗi, kuma sukan cika. Sai dai tsakaninka da wanda ya yi kuskuren akwai mutum biyu ko uku. Za ka kira kamfani, kamfani ya aika wa shago saƙo, shago ya amsa, a dawo maka da bayani, ranar kuma ta wuce. Wani lokacin ma odar tana yawo ne daga shago zuwa shago ana ƙin karɓa saboda kuɗin bai kai ba ko gidan ya yi nisa, kai kuwa kana zaune da tabbacin an kai. An fi ganin haka a ranar masoya ta 14 ga Fabrairu da makon Ranar Uwa, lokacin da oda ta fi ƙarfin masu aiki. Kuɗin da aka mayar maka bayan kwana biyar ba ya maido da ranar jana'izar da ta wuce.

Mai shagon gari ba shi da sashen sauraron koke, amma yana da abin da ya fi shi ƙarfi, wato kunya. Matar da ya kai wa furannin da suka yi yaushi zai haɗu da ita a kanti ko a wurin ibada. A garin mutum dubu biyar suna shi ne jari, kuma labarin aiki marar kyau ba ya kwana. Tun a waya zai gaya maka idan ba zai iya ba, wanda hakan ya fi maka alheri sau dubu a kan a karɓa a kasa. Ba na cewa duk mai shago na kirki ne. Akwai malalata, akwai masu tsawwala farashi saboda su kaɗai ne a garin. Amma ko a nan ka san wanda za ka kama.

Akwai kuma abin da ya wuce kai da odarka. A farkon shekarun 1990 Amurka tana da shagunan furanni sama da dubu ashirin da bakwai, yau ba su kai rabin haka ba. Ba dillalai kaɗai suka jawo wannan ba, manyan kantuna da ke sayar da dami mai araha kusa da burodi da madara sun ci kaso mai yawa na kasuwar. Su ma dillalan ba su tsira ba, domin a 2019 kamfanin FTD da kansa ya nemi kariyar kotu saboda bashi. Abin lura shi ne dillali ba shi da abin sayarwa idan babu mai shago a ƙarshen waya. Duk lokacin da shagon ƙaramin gari ya rufe, garin ya rasa mai yi masa adon biki da na makoki, dillalin ma ya rasa wanda zai tura wa oda. Kuɗin da ya shiga shagon kai tsaye yana biyan albashin mutanen garin, yana sayen mai a gidan man garin.

Yadda za ka gane ɗan gari na gaskiya

Wahalar hanya ta biyu ɗaya ce, gano shagon gaskiya. Idan ka rubuta sunan gari da kalmar furanni a injin bincike, sau da yawa na saman jerin tallace-tallace ne na kamfanonin da suka ari sunan garin alhali ba su taɓa taka shi ba. Wannan yaudara ta yi yawan da jihohi da dama a Amurka, har da Kalifoniya, suka kafa doka a kanta. Maganin ba shi da wuya. Nemi adireshin titi, ka duba shi a taswira ka ga ko akwai shago a wurin. Duba ko lambar wayar ta yankin ce. Idan an ɗauka, tambayi inda shagon yake da abin da ke kusa da shi, kuma ko za a iya zuwa a karɓa da hannu. Ɗan gari zai amsa ba tare da inda-inda ba. In ka rasa, kira asibitin garin ko gidan jana'iza ka tambaye su wanda ke kawo musu furanni.

Idan ka same shi, faɗa masa dalilin kyautar, da shekarun wanda za a kai wa, da launin da yake so in ka sani, da iyakar abin da za ka iya biya har da kuɗin kaiwa. Ba shi lambar wayar mai karɓa. Karanta masa saƙon katin a hankali, ka rarrabe masa haruffan sunanka, domin sunayenmu baƙi ne a kunnensa. Sannan ka bar masa zaɓin furannin, shi ya san waɗanda suka fi lafiya a ranar. In lokacin Ranar Uwa ne ko tsakiyar Fabrairu, kira tun saura mako guda.

Anna Jarvis ta ƙare rayuwarta tana yaƙi da 'yan kasuwar da take ganin sun mayar da ranar da ta kafa hanyar tara kuɗi, har ta rasu a 1948. Abin da ta tsaya a kai shi ne kyauta ta fito daga zuciya ta isa ga mutum, kuma wannan ma'auni ya isa ya raba mana gardama. Dillalin intanet yana da ranarsa: idan dare ya yi, ko harshe ya gagara, ko garin ba shi da shago, a bi ta wurinsa, a karanta sharuɗɗan da kyau. Amma muddin akwai mai shago a garin kuma kana da wayar da za ta same shi, shi ya fi cancanta. Kuɗinka zai fi yawa a cikin damin, za ka san gaskiyar abin da aka kai, kuma wanda zai ƙwanƙwasa ƙofar ya san mai gidan. Hausawa sun ce zuwa da kai ya fi aike. Idan zuwan ya gagara, to ka rage yawan hannun da saƙonka zai ratsa, ka damƙa shi ga wanda ya san ƙofar gidan.